Kanya Ta Dawo Daga Turai

Mutumin da zai tsaya a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa ya shafe rabin sa'a yana ja-in-ja da mai kankana, ya sa a tsaga masa ya ga janta, ya ɗanɗana ya ce lami ce, ya juya zai tafi a kira shi, bayan an daidaita kuma ya nemi gyara, shi ne dai wanda zai shiga babban kanti da yamma ya koma salihi. A gaban kantar da aka jera 'ya'yan itatuwan ƙasashen waje bakinsa mutuwa yake yi. Babu tayi, babu albarka, babu ɗanɗanawa. Farashi na manne a jikin leda. Ya karanta, ya haɗiyi yawu, ya waiga ya ga ko akwai idon sani, ya jefa a kwando. In kuwa akwai idon sanin, sai ya ƙara ɗaya.

Tun da manyan kantuna suka yawaita, musamman bayan buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014 da ire-irensa a Abuja da Kaduna, masu ɗan hali suka samu sabon abin yi: farautar ɗan itacen da maƙwabci bai taɓa gani ba. Tuffa ta daɗe da sauka daga wannan kujera, tunda yara na tallanta a bakin danja. Inabi ma ya bi sahu. Yanzu yayin kiwi ake yi da fasimon da lici, sai kuma shugabansu, ɗan itacen diragon.

A ba diragon haƙƙinsa, kyakkyawa ne. Jiki ja mai ɗaukar ido, ga korayen harsuna sun tsattsago ta ko'ina. Asalinsa Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, ɗan wani tsiro mai ƙaya marar ganye da ke hawa jikin turke, wanda furensa da dare yake buɗewa, kafin hantsi ya yanƙwane. Yau Biyetnam na cikin manyan masu noma shi. Sai dai domin ya jure doguwar tafiya akan tsinke shi da wuri, shi kuma ba irin mangwaro ba ne da zai ƙara zaƙi a cikin kwali. Yadda aka tsinke shi haka zai iso.

Maigida bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne ya shigo gida da abin da babu a layin.

Daga nan sai a shiga ladubban cinsa, waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba amma kowane gida ya haddace. Hoto ne farko. Uwargida za ta fito da farantin gilashin da ke cikin kabad tun zamanin jere, a ɗora baƙon, a ɗauke shi ta gaba da ta gefe, a sa a WhatsApp da ɗan rubutun godiya ga Allah, domin facaloli da dangin miji su gani su taya ta godiyar. Sannan a kai shi firji, a kafa wa yara doka. Zai kwana nan yana jiran baƙin da suka cancanta. Matsalar ita ce firjin ba shi da alƙawari da wutar lantarki, don haka wani lokaci baƙon kan riga baƙin tafiya.

In an yi sa'a ranar yanka ta zo yana da rai, sai a gano babu wanda ya san ta inda ake fara shi. Ferewa ake yi ko ɓarewa? Ana cin ƙwayoyin ko tofarwa ake? Tambayar ma'aikacin kanti tun farko ai zubar da girma ce, saboda haka a kira ɗan gidan da ya fi iya waya ya nemo bidiyo a YouTube. Iyali su zagaye shi, a kalli wata baiwar Allah a can wata duniya tana raba abin biyu ta sa cokali. Shi ke nan ilimin. A raba, kowa ya samu yanka mai kaurin katin waya.

Sai shiru ya biyo baya. Kowa na tauna yana kallon maigida, maigida na kallon silin yana tuna farashi. Can ya yi gyaran murya ya ce akwai ɗan sanyi-sanyi. Uwargida ta ce ai irin nasu ba a cika masa zaƙi ba, shi ya sa ba sa ciwon suga. Yaro ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, a harare shi. Kaka kaɗai ke da lasisin magana, ita kuwa za ta juya yankan a hannu ta ce, "Yanzu kai wannan gwandar da aka barbaɗa wa habbatus sauda ka kai wa kuɗinka?"

Kuɗin da aka kashe ba ya yarda a ce asara aka yi, don haka duk ɗan itacen da ya gaza a baki sai a mayar da shi magani. Kafin sati ya zagayo an ji cewa yana maganin hawan jini da basir da shawara, yana gyara fata, kuma ba shakka yana ƙara wa maigida kuzari, domin a ƙasar nan babu tsiron da ya isa ya tsallake wannan muƙamin. Masu haɗin matan aure su shigo da nasu: a markaɗa da madara da dabino. A nan kiwi ke ɗaukar fansa. Akwai wani sinadari a cikinsa mai suna aktinidin da ke narka furotin, shi ne ke sa harshe ƙaiƙayi, kuma in aka haɗa ɗanyen kiwi da madara ko nono aka bar shi ya ɗan zauna, ɗaci yake yi. Amaryar da ta zuba shi a fura don ta burge ango ta san zancen. Angon dai ya shanye, tunda watan farko ne.

Shi kansa kiwin gwanin sauya riga ne. Ɗan ƙasar Sin ne, a 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Isabel Fraser ta kai irinsa Niyu Zilan, kuma sai a 1959 'yan kasuwar can suka laƙa masa sunan tsuntsun ƙasarsu domin ya shiga kasuwar Amurka.

Rumman nasa labarin daban. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sunan, domin ya zo a Alƙur'ani, amma sanin suna bai koya wa kowa ɓarewa ba. Wani gatsa yake kai masa tun daga ɓawo. Wani ya sa ƙarfi ya matsa, jan ruwan ya yi tsalle ya sauka a kan farar shaddar Juma'a, inda zai zauna har abada.

Abin da zai fi ba manomi dariya shi ne ya ji su wane ne waɗannan baƙin a wajen masana tsirrai. Fasimon ɗin da ake saye ƙwara-ƙwara cikin ƙaramin kwali ɗan gidan su kanya ne, zuriya ɗaya suke, har halin nan na ɗaure baki in bai nuna ba bai bari ba. Jan busasshen ɗan itacen da ake kira dabinon Sin ɗan uwan magarya ne da kurna. Wani kore mai ƙaya-ƙaya da ake yayatawa a intanet ana jingina masa warkarwa iri-iri dangin gwandar daji ne. Alhajin da ya yi ƙuruciyarsa yana jifan kanya da kara, yana rige-rige da awaki a gindin magarya, yau ga shi ya biya da katin banki ya ɗauko 'yan uwansu, har yana koya wa yara yadda ake furta sunan. Da za a kawo masa kanyar a faranti gaban baƙi, sai ya tambayi wanda ya bar wa almajirai ƙofa a buɗe.

Can kuma ana irin wannan rawar kai a kan namu. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, yanzu yana cikin kyawawan gwangwanaye a shagunan masu kula da lafiya, ana auna shi da ƙaramin cokali. Mutanen Balensiya a Sifaniya na alfahari da wani farin abin sha da suke yi da aya, wato kunun aya, kuma ƙasar na sayo ƙarin ayar daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Zoɓon Jigawa na tafiya Meziko a kwantena. Goruba kuwa, wadda ake ganin ta 'yan firamare ce masu ƙarfin haƙori, an same ta cikin kayan da aka binne Fir'auna Tutankhamun da su.

Wani abin ma baƙuncin nasa na baki ne kawai. Ana noma sitiroberi a ƙauyen Chaha kusa da Vom a Filato, ana noma inabi a Kudan ta jihar Kaduna. Amma mai saye ya fi son ya ji an ce ɗan waje ne. In mai talla ya yi kuskuren cewa daga Jos aka kawo da safe, nan take fuska ta sauya a koma ciniki, har a tuna da gyara. An manta cewa mangwaro daga Indiya ya zo, kashu daga Burazil, gwanda da gwaiba da abarba duk daga nahiyar Amurka. Su ma sun yi zamanin baƙuntarsu kafin su koma baro.

Inda baƙin suka fi samun aiki shi ne kwandon dubiya. A naɗe shi da leda mai ƙyalli a kai wa marar lafiyar da ba abin da ransa ke so sai lemo da kunun tsamiya. Ya yi godiya, masu jinya su duba su ga babu wanda suka gane, su aika wa surukai. Surukai su ga abin ya fi ƙarfin cikinsu, su tura gidan mai jego. Kwando ɗaya na iya sada zumunci tsakanin gidaje da dama ba a ci komai a cikinsa ba.

Wanda ake jira a ga yadda za a kwashe da shi shi ne duriyan, ƙaton ɗan itacen kudu maso gabashin Asiya mai ƙaya, wanda mutanen can ke yi wa kirarin sarki, amma warinsa ya sa aka hana shiga jiragen ƙasan Singafo da shi. Duk ranar da ya zama abin yayi, za a samu wanda zai saya, ya rungumo shi cikin Adaidaita Sahu da zafin watan Afrilu, ya kuma tabbatar wa sauran fasinjoji cewa haka ƙamshin yake, rashin sabo ne ke damunsu.