Sannunku da Aiki, Mazajen Fama

Sifaniyawa akwai jan aiki. Sun ƙwace Garnaɗa a 1492, amma sai a 1609 Sarki Filibus na Uku ya fara korar jikokin Musulmin Andalus, mutum wajen dubu ɗari uku, aka yi shekara biyar ana lodinsu a jiragen ruwa. Balansiya ta rasa kashi ɗaya cikin uku na jama'arta, gonaki suka koma saura. Yaƙin basasarsu ma sai da ya ci 1936 zuwa 1939. Da sun zo Kano ɗaukar darasi, da mazajen Fagge da Sabon Gari sun nuna musu yadda ake gama aiki a kwana huɗu.

Haka aka yi a Mayun 1953. Akintola na jam'iyyar AG aka ce ba a so ya yi taro, jam'iyyar da Yarabawa suka fi yawa a cikinta, amma da wuta ta kama, sai aka gwabza da Ibo. Mutum 36 suka mutu a lissafin hukuma, 241 suka ji rauni. Wannan iya saiti ya zama gado. A Oktoban 1991 zuwan mai wa'azi Bonke, Bajamushe, aka ƙi. Shi ya fita lafiya lau, masu shaguna suka biya. A Oktoban 2001 Amurka ta yi wa Afganistan ruwan bama-bamai, mazajenmu suka rama mata a kan mai tireda a Sabon Gari. Masu hassada su ke cewa an bar jaki ana dukan taiki. To, jakin ai yana da nisa, kuma yana harbi.

Dubi jarumin nan da ya fito kare addini, ya dawo da fanka a ka, bandir ɗin atamfa a hammata, takalmi ƙafa ɗaya a hannu yana cigiyar ɗan'uwansa. Dubi takwaransa na ɗaya ɓangaren, wanda ya tsallake masu gora da adda, ya huce a kan ɗan garuwan da ya shekara yana kai masa ruwa. Kowannensu ya san fuskar wanda ya kashe. Sojan Faranko na yaƙin basasar Sifaniya nawa ne zai yi wannan alfahari?

Abin da ya fi burge ni shi ne taushin zuciyarsu. A ambaci Andalus a wajen wa'azi ka ga hawaye, ana Allah wadai da masu korar maƙwabci saboda addininsa. Da an ɗage dokar hana fita kuwa, ga jarumi a titin Faransa na Sabon Gari yana neman kayan gyaran mota, yana mitar tsada.

Ina roƙon gwamnati, maimakon wani sabon kwamitin bincike, ta ba su lambar yabo. A fara da masu tura su, don su ne gwanaye: ba a taɓa zuwa ɗaukar gawar ɗansu a Asibitin Murtala ba.