Mujarrabi Ne

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a Kalmalo, inda gawayi ke ja a ƙarƙashin butar shayi, goro kuma yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, ya san Allah ya hore wa garin nan abu biyu: albasa da likitoci. Albasa tana da lokacinta, balle da tafkin garin ya ja baya. Likitoci kuwa ba su yankewa rani da damina, domin kowane magidanci da ya haura arba'in ya riga ya mai da jikinsa makarantar ɗibbu, shi ne malami, shi ne almajiri, shi ne kuma allon.

Ni ma ɗan wannan ɗariƙa ne, kuma mas'alata biyu ce: ƙwarnafi da ke taso mini tsakar dare kamar an zuba garwashi a ƙirji, da sanƙo wanda ya faro daga goshi yana cin ƙasa sannu a hankali kamar hamada.

Da na kai kukan ƙwarnafi majalisa, ban rufe baki ba fatawoyi suka sauko. Wani dattijo ya ce in jiƙa jar kanwa in sha, ya kuma ɗora da kalmar nan da ke rufe ƙofar jayayya a ƙasar Hausa, ya ce, "Mujarrabi ne." Haƙiƙa bai yi ƙarya ba, gama kanwa tana kashe tsamin ciki nan take; sai dai bai gaya mini cewa haɗuwarta da tsamin iska take haifarwa ba, wannan kuwa na gano shi da kaina a sahun farko na sallar asuba, lokacin da gyatsa ta kufce mini har ladan ya waiwayo.

Batun gashi ya fi wannan nisa. Ran wata Lahadi a kasuwar Illela na tarar da mai magani da lasifika yana rantsuwa cewa man da ke hannunsa yana ɗauke da kafeyin, sinadarin nan na goro da shayi da Nescafé mai korar barci, kuma wai shi Turawa ke shafawa gashi ya tsiro. Na sayi kwalba, na shafa wata guda, ban ga ko tsiro ɗaya ba. Maimakon in saduda, sai na koma ga ƙiyasi irin na malamai: in kafeyin na tsirar da gashi, goro kuma yana da kafeyin, to me ya kai ni sayen reshe alhali asali yana aljihuna? Na sa aka daka goro uku da man shanu, na lafta a ka, na kife da hula. Uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Malam, wannan kan soya shi za a yi?" Da rana ƙudaje suka raka ni har masallaci, da dare tururuwa suka karɓi aiki, farar hulata kuwa ta rine ja har abada. Wanzami, da ya ga wurin, cewa ya yi, "Baba, nan tsakiya babu aikina," amma bai rage ko sisi a ladan aski ba.

Daga bisani na je asibiti, wani matashin ma'aikacin lafiya ya yi mini bayani da ladabi cewa akwai wata 'yar ƙofa a bakin tumbi mai hana tsami hawowa, kuma goro da shayi mai kauri da maiƙo da yaji kan tsananta abin ga mutane da yawa. Ya ce in bar kwanciya sai bayan awa uku da cin tuwo, in ɗaga wajen kan gado, in kuma yi hattara da kanwa saboda hawan jini. Majalisa ta yi ijma'i a kan yaron bai san aiki ba, tunda ko allura bai yi mini ba. Mu a wurinmu magani shi ne abin da ake ƙarawa. Wanda ya ce a rage, abokin gaba ne.

Wani malamin makaranta ya kare mu da hujjar cewa a 1984 likitan Ostareliya Barry Marshall ya shanye ƙwayoyin cutar gyambon ciki don ya gwada a jikinsa, har a 2005 aka ba shi kyautar Nobel tare da Robin Warren. Gaskiya ne, illa dai shi sau ɗaya ya sha, ya kuma rubuta abin da ya same shi, mu kuwa shekara talatin muna sha, nasara kaɗai muke ruwaitowa.

Na dai bar goro kwana huɗu, kai ya yi ta sara, ƙirji ya lafa. Rana ta biyar aka yi suna a maƙwabta, aka miƙo mini goro biyu farare, ƙin karɓa kuwa rashin zumunci ne. Mai bukatar man Illela ya same ni a majalisa, saura rabin kwalba, mujarrabi ne.