Dokar Kirchhoff da Janareton Maƙwabci

Dokar ƙarfin lantarki da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845, tun yana ɗalibi, ta ce: idan aka bi da'irar lantarki har aka zagayo inda aka faro, ƙarfin da batir ko janareto ya bayar daidai yake da jimillar abin da kayan kan hanya suka ci. Kamar kuɗin cefane ne a hannun uwargida mai ƙididdiga, duk kwabon da ya fita sai an faɗi inda ya shiga. Dalili kuwa, makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama.

Batir biyu masu bolt 1.5 a cikin tocila suna ba da bolt 3. A juya ɗaya, lissafi ya koma sifili, tocila ta yi gum.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ita ma waya tana cin rabonta. Gwargwadon sirantarta da tsawonta da yawan wutar da ke bi ta cikinta, gwargwadon cinta. Mai wannan rubutu shaida ne. Daren da surukansa suka zo aka ɗauke wuta, sai ya jawo daga janareton maƙwabci da siririyar wayar lasifika, ta kan katanga, ta bayan kejin kaji, har falo. Ƙwan fitila ya kawo ja-ja, fanka na juyawa da ƙyar. Don a fita kunyar baƙi ya jona butar shayi. Nan take fanka ta tsaya cak, falo ya ɗau warin roba.

"Malam, ko girki ne ya kama?" in ji suruki, yana fifita da hularsa.

Gogan naku ya fita fuu, ya tuhumi maƙwabci da rage masa wuta, har 'yan unguwa suka taru ana ba da haƙuri. Wani mai gyaran wuta ya ɗora mita: bolt 220 a bakin janareto, 150 a falo.

"Yallaɓai, ba wanda ya cuce ka. Wayarka ce ta sha saba'in."

Bolt 70 ɗin nan zafi suka zama, shi ya narkar da robar. Maganin abin shi ne waya mai kauri, gajeriya, kuma kada a haɗa ta da butar shayi.