Bakano ya haye teku sayen dutse

Alhaji Bakano, bawan Damagaram. Kafin ka gama kwance akwati labarinka ya iso mu unguwar Kara-Kara ta Damagaram: wai ka tafi Amurka, ka biya kuɗin jirgi da na masauki, ka dawo da duwatsu. Da fari mun ce sharrin mahassada ne. Mutumin da zai yini yana ja-in-ja a Kantin Kwari a kan naira ɗari, shi ne zai ƙirga wa Bature dalar Amurka saboda dutse? Sai ga hotonka a waya, babbar riga ta sha guga, ka ɗora wani haƙori a tafin hannu kana washe baki.

Ban raina kasuwar da ka ci ba. Baje-kolin duwatsu na Tuson, a jihar Arizona, tun 1955 ake yin sa, kuma a wata makarantar firamare ya fara. Yau daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu garin kacokan ke komawa kasuwa: tantuna, filayen ajiye motoci, har ɗakunan otal ana ture gado gefe a baza haja. Ga na Barazil, ga na Indiya, ga na Madagaska da Maroko. Turai ma suna da nasu, ɗaya a Sainte-Marie-aux-Mines ta Faransa cikin Yuni, ɗaya a Munik ta Jamus cikin Oktoba. Da fargaba na ambata maka su, don na san gobe za ka fara cigiyar biza.

Mu fara da shuɗiyar safayar da kake nuna wa baƙi bayan sallar isha. Ka tambayi mai ita mahaifarta? Ba mamaki ƙasarku ce. Tsaunin Mambila na jihar Taraba safaya ake haƙowa a cikinsa, tomalin yana Oyo da Nasarawa, zumurrudu yana kudancin Kaduna. Ɗanyen dutse ya bi hannun dillalan Jos ko na Ibadan ya tafi Tailan, can a gasa shi a wuta launinsa ya fito, a yanka, a goge, a sa a ɗan akwati mai auduga, a kai Tuson ya zauna jiran Bakano. Kayan bayan gidanku ka bi har bangon duniya ka saya ninkin-ba-ninkin, kuma ka yi godiya.

Sai haƙorin. An ce maka na dodon ruwa ne da ya rayu zamanin dinozor, kuma mai yiwuwa ba a yi maka ƙarya ba. Irin waɗannan haƙora suna fitowa da yawa daga ramukan haƙar fosfat na Kuribga a Maroko, shi ya sa ba su da tsada, sai in an ga babbar riga. Inda gizo ke saƙar shi ne muƙamuƙin da aka dasa haƙorin a ciki. Sau da yawa yashi ne da gam da gutsattsarin ƙashi aka kwaɓa aka gina shi, aka jera haƙora a kai gwanin sha'awa. Haka ƙwarin dutsen nan masu ƙirar kyankyaso da ake kawowa daga wajen Arfud da Alnif: akwai na gaske, akwai waɗanda aka zuba roba a mazubi aka manna a kan dutse. Masu sanin harkar sukan gasa allura su ɗosana a gefe. In ta nutse, ƙaurin roba ya tashi, magana ta ƙare. Ka gwada, amma ka bari sai Hajiya ta tafi unguwa.

In ta nutse kada ka yi kuka, an yi wa waɗanda suka fi ka boko. A Tuson ɗin nan, cikin 1999, aka sayi wani dutse daga Chaina a kan dalar Amurka 80,000, wai ƙasusuwan halittar da ke tsakanin tsuntsu da dinozor ne. Mujallar National Geographic ta buga shi da alfahari a watan Nuwamba na shekarar. Ba a jima ba aka gano haɗi ne: gangar jikin tsuntsu, wutsiyar wata dabba daban, gam ya ɗaura musu aure. Masu digiri ke nan, balle mai sayar da shadda.

Abin da ya fi ba mu dariya, Alhaji, shi ne ka tsallake mu. Daga Kano zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam da Matamai tafiyar yini ba ta cika ba. Ka miƙe arewa ta Tanut, ka isa Adarbisnat, ka shiga ƙasar ƙashi ke nan. A wajajen nan aka tono dabbar da masana suka raɗa wa Spinophorosaurus a 2009. Gaba cikin Tenere akwai Gadufawa, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya. Can aka samo Sarcosuchus, kadan da kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum, da Nigersaurus mai haƙora wajen 500, wanda ya ɗauki sunan ƙasarmu. Kusa da Ingal kuma aka tono Jobaria, aka ba ta sunan wani dodo na tatsuniyoyin Buzaye. Kai kana rawar kai da haƙori ɗaya. Ka je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ka ga ƙasusuwan a tsaye, kuɗin shiga bai kai na shinkafar da ka ci a Arizona ba.

Amma na san ku, kuna jin haka za ku fara neman buhu. To a kul. Tun 1997 Nijar ke da dokar kare kayan tarihi, kuma yanzu ido a buɗe yake. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse a jihar Agadas mai nauyin kilo kusan 25, gutsuren duniyar Mars mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a Niyu Yok a kan dalar Amurka miliyan 5.3. A nan dariyata takan ragu, don ta ƙofarmu ya fita muna kallon wani wajen. Gwamnati ta buɗe bincike, a watan Agusta kuma ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da waɗanda suka faɗo daga sama. Mongoliya ma ta ƙwato ƙasusuwan dinozor ɗinta daga Amurka a 2013, dillalin ya sha ɗauri.

Shi ya sa ƙwararru a Tuson, kafin su taya dutse, takardarsa suke dubawa: ina aka haƙo shi, yaushe, wa ya ba da izinin fita da shi. Kai da ba ka sakin dila ɗaya ta atamfa ba tare da rasit ba, na tambaye ka takardar haƙorinka ka ce ai mutumin yana da fara'a. Dutsen da ba takarda tsakuwa ne, tsakuwa kuwa Allah ya hore mana. Damagaram a kan dutse take zaune, kuma nan Kara-Kara maza da mata ke fita tun asuba da guduma suna fasa shi, su tara, magina su zo da amalanke ko kamiyo su saya. Guminsu suke ci, kuma ba wanda ya taɓa manna musu haja da gam.

Zamanin sarkinmu Kuran Daga da sarkinku Alu mu ne ke zuwa muku da igwa. Yanzu an yi sulhu, kai za ka zo mana da kuɗi. Ka taho da haƙorin da allurarka, za mu tara 'yan unguwa a yi gwajin a gaban shaidu, sannan mu loda maka kamiyo guda na tsakuwa a farashin baƙo. Kuma watan cika-ciki na tafe, kuɗin sharata na bana da sefa za ka biya, ba na karɓar dutse.