Masu Neman Gudu a Garejin Babura

A bayan layinmu akwai wani gareji ƙarƙashin darbejiya, inda nake kai tsohuwar Honda C70 da na gada. Yawan zaman benci a wurin ya nuna mini cewa duk mai babur da ya ji labarin kamshaf, ko kam kamar yadda makanikai ke gutsure sunan, ya yi sallama da barci mai daɗi. Ɗan ƙarfe ne mai ƙusumbi biyu, yana juyi ɗaya idan kiranshaf ya yi biyu. Ƙusumbi ɗaya ya danna bawul iska da fetur su shiga, ɗayan ya danna hayaƙi ya fita. Kam na tsere kuwa ƙusumbinsa ya fi tudu da faɗi, don bawul ya buɗe sosai, ya kuma jima a buɗe. Iyakar sirrin ke nan, amma zo ka ga jama'ar da yake tarawa.

Mai Jincheng ne ke buɗe kasuwa. Zai kafe AX100 ɗinsa ya ce, "Oga, a sa min kam na tsere." Oga, mai garejin, ya dube shi, ya dubi babur, ya ce, "To fara sayo injin da za a sa shi a ciki." Injin nan irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ba bawul, ba kam, fistin ne da kansa ke buɗe ƙofofin jikin silinda yana rufewa. Mutumin ba zai yarda ba. Sai ya rantse an sa wa wani abokinsa a Zariya, ya buga kik, ya bar mu da shuɗin hayaƙi da labarin cewa Oga bai iya aiki ba.

Sai ɗan YouTube, waya a hannu, kai cike da lambobi. Ya ga samarin Indonesiya suna tashi sama da ƙananan babura, ya yi odar kam ɗin da suka ambata. Abin da bidiyon bai tsaya ya gaya masa ba, an canja wa waɗancan fistin, an sa sifirin mai tauri, an ƙara girman kafireta. Shi kuwa a kan sifirin ɗin da ya girme shi ya ɗora. Ya murɗa totur har ƙarshe, sifirin ya kasa maido da bawul kan lokaci, fistin ya taso suka yi gware. Ya dawo yana turi, gumi sharkaf, har yanzu yana nuna wa Oga bidiyon.

Wanda ya fi ba ni tausayi Alhaji ne mai CG125. Honda ta fitar da wannan babur a 1975 musamman don ƙasashen da mutane ke wasa da juyen mai. Ta sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, ta bar masa ƙusumbi ɗaya tak yana tura bawul biyu ta wasu 'yan sanduna. Wato jaki aka ƙera, kuma aikin jaki yake yi: buhun masara biyu ran kasuwa, wani lokaci har da akuya a kwando. Wani jikansa ya zuga shi cewa akwai ƙarfen da zai mai da shi doki. Oga ya yi iya yinsa. "Alhaji, ranka ya daɗe, kam ɗin nan kwashe ƙarfi yake daga ƙasa ya kai sama. Sai injin yana kururuwa za ka ji shi, kai kuwa wajen tashi da kaya kake son ƙarfinka." Alhaji ya ce shi dai a sa, kuɗinsa ne. Aka sa. Sulo ya ƙi zama, injin sai tari yake kamar mai asma, duk tsayawa a danja sai ya mutu. Ga kaya a baya, ga masu Adaidaita Sahu suna ta danna masa oda. Fetur kuma kamar an huda tanki. Kwana huɗu sai ga shi da tsohon kam a baƙar leda, ya miƙa ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. "Mai da min abina, yaro."

Akwai mai arha, wanda ba zai sayi sabo ba. A ƙara wa tsohon tudu da walda, a goge da garanda, ido ne ma'auni. Bai san saman ƙusumbin nan an gasa shi ya yi tauri ba. Kafin wata ya zagayo, baƙin mansa na ƙyalli da garin ƙarfe.

Mai ƙara bai damu da gudu ba. In dai salansa ta tashi unguwa da asuba, kuɗinsa sun biya.

A ƙarshen benci kuma ga gwani marar babur. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ya sayar da nasa, amma shawararsa ba ta yi ritaya ba. Ya san kam ɗin da ya dace da kowa. In aiki ya yi kyau, shi ya faɗa. In ya ɓaci, dama ya faɗa. Shi ne ya taɓa tsare yaron gareji da surutu har yaron ya ɗaura sarƙar taimin ba tare da duba alamar T ba, ta goce da haƙori ɗaya. Aka wuni ana zargin filogi. Shi ne kuma ke gardamar cewa tazarar bawul ta milimita 0.05 da Oga ke aunawa da geji ɓata lokaci ce, kunne ya isa.

Ni dai dariya nake yi musu daga gefe. Sai ran nan da aka watse, na matsa kusa da Oga na rage murya, na tambayi nawa ne kam na tsere irin na C70. Bai amsa ba. Ya sa hannu ya danna kik ɗin babur ɗina, ya tafi suuu har ƙasa ba wata turjiya.

"Malam, ringinka ya gama. Yaushe rabonka da juye?"

Na ce tun kafin azumi.

"Wane azumin?"