Sarautar Shekara Guda a Sararin Sama

Na san ku sarai. Tun ban gama buɗe bakina ba kun fara taɓe naku. Ranar da na ba da labarin nan a majalisarmu ta Horo Birni bayan sallar la'asar, kawuna ya dakata da ɓantarar goronsa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Ɗana, ƙarya hwa ba sana'a ba ta."

To ga labarin, ku ma ku ƙaryata ni in kun ga dama. Akwai mutane a duniyar nan, da hankalinsu da iyalinsu, waɗanda idan Disamba ta kama sai su yanki tikitin jirgin sama zuwa wani gari mai nisan awa biyar ko shida. Ba su da kowa a can. Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya. Ko ƙofar filin jirgin ba za su leƙa ba. Su sauka, su kurɓi ruwa, su hau jirgin da zai maido su inda suka fito. In ka tambaye su abin da suka je yi, sai su ce maki ne bai cika ba, kuma shekara za ta ƙare.

Kawu ya ce, "Wanga hauka na. Ko jaki ba a kai shi kasuwa banza."

Ku yi haƙuri in warware muku makin. A shekarar 1981, lokacin Alhaji Shehu Shagari na yankinmu yana shekara ta biyu a kan mulki, naira ta fi dala ƙarfi, jiragen Nigeria Airways kuma suna shawagi, kamfanin American Airlines ya fito da wani tsari mai suna AAdvantage. Dabarar ba ta wuce ta mai shayin bakin tasha ba. Wanda ke zuwa kullum ana yi masa gyara: a ƙara madara, a yanko burodi da kauri. Kamfanin ya ce zai riƙa ƙirga nisan tafiyar da ka yi a jirginsa, in ta taru a ba ka tikiti kyauta. Cikin ɗan lokaci United da sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Daga baya aka raba fasinjoji hawa-hawa kamar 'yan majalisar sarki: mai katin azurfa, mai na zinare, mai na lu'ulu'u. Mai babban kati ba ya bin dogon layi, shi ake fara kira a hau jirgi, ana ƙara masa nauyin kaya, akwatinsa ke fara fitowa, kuma akwai zaure na musamman mai sanyi da abinci inda zai miƙe ƙafa kafin jirgi ya tashi. Wani lokaci in kujerun gaba ba su cika ba a ce masa bismilla.

Har nan babu abin dariya, ko? Mai yawan ciniki ya samu gyara. To ku gyara zama.

Kamfanonin sun zo sun lura cewa mai wayo yana sayen tikiti mafi araha zuwa gari mafi nisa, ya tara maki da kuɗi kaɗan, ya shiga zauren manya ya cinye musu abinci. Sai suka ajiye ma'aunin nisa suka ɗauko na aljihu. A watan Satumba na 2023 kamfanin Delta na Amurka ya sanar cewa daga yanzu abin da ka kashe kawai za a duba, kuma katin lu'ulu'u sai wanda ya kashe dala 35,000 a shekara. Fasinjoji suka yi ca, har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya amsa cewa sun zarce gona da iri, aka rage zuwa dala 28,000. Ku lura, ragin ke nan. In kun buga lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, miliyan 42 ta tashi. British Airways ta Ingila ta bi sahu daga Afrilun 2025, inda katin zinare ya koma na wanda ya kashe kusan fam 20,000 a shekara. Wasu kamfanonin ma sun sauƙaƙa wa mai Disamba wahala: in makinka ya gaza kaɗan, sai su aiko maka da saƙo, kawo kaza mu cike maka gurbin, ba sai ka wahalar da bayanka a kujera ba.

Kuma sarautar ta shekara guda ce. Ba a gadonta. In shekara ta zagayo ba ka sake zuba kuɗi ba, a warware rawanin.

Ina jin ku daga nan. "To mu ina ruwanmu? Mu da jirgi sai dai mu ji rugugin tashinsa daga filin Sultan Abubakar na Uku in muna hanyar Bodinga. Wautar Turawa ce, kuɗi sun yi musu yawa." Madalla. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Malam, kai da ka fi kowa ƙyaƙyatawa, ba kai ne kake biyan kuɗin mutum biyu a tasha don ka zauna gaban mota kai kaɗai ba? Motar nan ɗaya ce. Ramin da na baya zai faɗa kai ma za ka faɗa shi, kuma tare za ku isa Sakkwato, sai dai ka riga shi da taku biyu. Amma kana so in an ratsa Bodinga a hango ka da gwiwar hannu a taga. Hajiya, ke ma kada ki ɓoye fuska a mayafi, haƙorin Makka ba don tauna aka sa shi ba. Sai babbar magana, wadda na tabbata babu mai musunta ta tsakanin Kajiji da Dandin Mahe: maroƙi. Ka isa wurin biki, maroƙi ya hango ka, ya ɗaga murya ya ambaci sunanka da na mahaifinka da na kakanka, ya ce kai ne ruwan da ke kashe gobara. Kai ka san ba ka taɓa kashe ko wutar murhu ba. Shi ma ya sani. Jama'a ma sun sani. Duk da haka hannunka yana shiga aljihu, kuma ba ƙaramar takarda za ka zaro ba, don kada a ce. Bikin gaba in ka zo hannu rabbana, zai wuce ka kamar bai taɓa ganin mai kama da kai ba, ya je ya ba wani ruwan naka na kashe gobara.

To katin zinare maroƙi ne da aka yi da roba. Ma'aikaciyar jirgi za ta duƙo ta kira sunanka, ta ce ana godiya da amincinka, alhali a allon hannunta ta karanta sunan yanzun nan. Bature yana biya da dala, kai kana biya da naira, kunnen da ke jin daɗin iri ɗaya ne. Zancen sarautun da ake naɗawa bayan an ga motoci sun shiga fada kuwa ba zan taɓo shi ba, ina so in ci gaba da zuwa gida Sallah.

Akwai mai tambaya mai hankali a cikinku, ko da yake ba ku da yawa: kamfanin me yake samu? Nan ne kasuwar take. Makin nan kamfanin ne ke ƙirƙirarsa, kamar a ce mai shago ya buga takardar kuɗi tasa. Yana sayar wa bankuna shi da kuɗi na gaske, su kuma bankuna su riƙa raba wa masu sayayya da katinsu, har mutum ya tara maki da cefanen gida ba tare da ya taka jirgi ba. A shekarar 2023 kaɗai American Express ya biya Delta kusan dala biliyan 6.8 ta wannan hanya. Lokacin annobar korona, da jirage suka kwanta a ƙasa, me kuke tsammani kamfanonin suka kai jingina? A 2020 United ta ci bashin dala biliyan 6.8 a kan tsarin makinta, Delta ta ci biliyan 9, American ta ci biliyan 10 a 2021. A lokacin an yi wa tsarin makin United kuɗi fiye da darajar hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya. Wato littafin bashin mai shayi ya fi teburin da tukunyar da kofunan tsada. Kuma wanda ya buga kuɗin shi ke yanke darajarsa. Tikitin da ake ba ka da maki kaza bana, baɗi sai a ce ka ƙaro. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda kuɗi ke narkewa a aljihu yana barci.

Sau ɗaya dai reshe ya juye da mujiya, kuma ina son labarin. A farkon shekarun 1980 American Airlines tana neman kuɗi ido rufe, sai ta fito da tikitin har abada: ka biya dala 250,000, ka hau kujerar gaba duk inda kake so, sau nawa kake so, har ƙarshen ranka. Ka ƙara 150,000 ka riƙa tafiya da abokin rakiya. Sun ɗauka kamfanoni za su saya wa manyan ma'aikatansu. Ashe sun haɗu da 'yan uwanku. Wasu suka mai da jirgi tamkar zauren gidansu, su tafi Landan cin abincin rana su dawo, su ɗauki wanda suka tsinta a filin jirgi su ce shi ne abokin rakiya. Kamfanin ya yi lissafi ya ga wasu na cinye masa abin da ya kai dala miliyan a shekara. A 2008 ya soke tikitin wasu da zargin sun karya ƙa'ida, aka yi ta shari'a. Da kawu ya ji wannan sai ya gyaɗa kai ya ce, "Waɗanga su ad da hankali."

Kada ku ce na ce katin ba shi da amfani ga kowa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke tashi daga Kano ya bi ta Addis Ababa zuwa Guangzhou sau da yawa a shekara, dole ce ta sa shi tafiyar, da kati ko babu. In ya riƙe kamfani ɗaya, ya yi rajistar ShebaMiles ta Ethiopian ko ta tsarin EgyptAir, har ya kai zinare, zai samu ƙarin akwati guda a kowace tafiya, kuma duk kamfanonin ƙawancen Star Alliance za su girmama katin. Akwati guda na shadda ko wayoyi ba kirari ba ne, riba ce da za a ƙirga a shago. Wannan gyara ya karɓa. Wanda nake yi wa dariya shi ne mai ƙirƙirar tafiya don katin, mai sayen doki don ya samu bulala kyauta. Kamfanin Saudia ma ya san inda zuciyarmu take, ya raɗa wa tsarinsa suna Alfursan, mahaya dawaki. Saura kakaki da algaita.

Wani abin kuma, da masu kati suka yi yawa sai zauren manyan ya cika, aka fara layi a ƙofarsa. Mutum ya kashe miliyoyi don kada ya bi layi, ga shi a layin waɗanda ba sa bin layi, yana hararar na gabansa.

Tunda na tona kowa, bari in tona kaina. Ni ma ina da kati. Na wani kamfani ne da ba zan faɗi sunansa ba, kuma mafi ƙasƙanci ne, irin wanda ake ba duk wanda ya cike takarda. Tafiya biyu na yi da shi, na riƙa duba makina a waya kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai, wata rana na wayi gari aka ce sun lalace don na daɗe ban yi tafiya ba. Amma har yau yana cikin walat ɗina, a saman katin zaɓe, yadda in na zo biyan kuɗi gefensa zai ɗan leƙo. Kawu ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya kankare ɓurɓushin goro daga tabarma da shi, ya miƙo mini ya ce yana da ƙwari.

Washegari da safe muka fita bakin titi tare, zai je Sakkwato ganin likitan ido. Mota ta tsaya, baya akwai wuri har biyu. Ina kallo kawu ya ja ɗan kamasho gefe, suka yi ƙus-ƙus, ya zaro kuɗin mutum biyu. Aka ce wa wani saurayi ya fito daga gaba ya koma baya. Kawu ya shiga, ya baza babbar rigarsa, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

Na ce, "Kawu, zinare ne ko lu'ulu'u?"

Ya ce, "Kai, tashi nan! Wanga daban na, ƙahwata ka ciwo."