Ƙasa Ta Ce Zan Saya

Masu sayar da littattafai a Rano ranar Juma'a ba su cika talla da baki ba. Mutum zai shimfiɗa tabarma, ya jera Ahalari da Ishmawi da Iziyya a gaba, fassarar mafarkin Ibn Sirin a gefe. Akwai kuma waɗanda ba a jerawa, suna ƙasan jaka, sai an ga idonka na rawa a ciro maka.

Ni akuya ce ta sa idona rawa. Jar akuyar maiɗakina ta fita kiwo a Kibiya ba ta dawo ba, tun daga ranar kuma tuwon gidan ya fara zuwa a sandare. Wani maƙwabci ya ce in je wurin mai bugun ƙasa. Da na haɗa kuɗin duba da goro da zakaran sadaka, sai na ga gara in mallaki sana'ar kacokan, gobe ko allura ta ɓata ni zan duba wa kaina.

Mai littattafan ya waiwaya dama da hagu, ya zaro wani siriri bugun Misira, takardarsa har ta yi ja. Ya ce na Zanati ne, malamin Magrib da masu ƙasa ke jingina da shi ɗaruruwan shekaru. Gidajen bugun ƙasa 16 ne, nan ƙasarmu ana kiransu da su Yusufa, Adamu, Mahadi, har zuwa Musa. Da ya zo faɗin kuɗi sai ya kira ni Alhaji, alhali ko Filin Jirgin Malam Aminu Kano rakiya kaɗai ta taɓa kai ni. Kuɗin ya kusa rabin akuyar.

Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, littafin nan ya kai?"

Ya ce, "Alhaji, me zai sa mu yi gardama? Mu tambayi ƙasa."

Ya share gabansa da tafin hannu, ya ɗiɗɗiga, ya shafe, ya girgiza kai. "Gidan Sulaimanu. Za ka saya." Na ce ban yi mamaki ba, ƙasar gindin tabarmarsa ce, ai ba ta ba da shaida a kansa. Muka daidaita in tafi da shi zuwa wata Juma'a, na bar agogona jingina.

Bayan la'asar na tankaɗe yashi a tire, na zauna bayan rumbu. Aikin ba wuya a baki. Ka zuba ɗigo layi-layi ba tare da ƙirgawa ba, ka kashe su bibbiyu. In ɗaya ya rage ka sa ɗigo ɗaya, in babu ka sa biyu. Layi huɗu gida guda ne. Daga gidaje huɗun farko, wato uwaye, a fitar da 'ya'ya, a yi ta haɗawa har a kai ga alƙali. Larabcina dai a Ahalari ya tsaya, littafin kuma ba ruwansa da su Yusufa, nasa sunayen daban ne. Duk da haka gidan farko da na fitar, na bi shi da yatsa na ga an rubuta Humra. Ja! Akuyar ja ce! Na miƙe in kira maiɗakina ta zo ta ga ilimi, kafin in juyo kaza ta ratsa tiren, ta dangwala ƙafa a layi na biyu. Ɗigo ɗaya ya zama biyu. Na sake duba littafi: Jama'a.

Ɗan ƙanina da ke karatun lissafi a Wudil yana tsaye yana dariya. Ya ce, "Baffa, Turawa ma suna da irin wannan, nasu na karta ne guda 78, wadda ta fi shahara a Landan aka buga ta a 1909, su ma har yau suna ta musun littafin wa za a saya don fassara ta." Sannan ya tsuguna ya nuna mini cewa yadda ake haɗa gidajen, ɗigon alƙali dole ya tashi cif-cif bibbiyu, don haka cikin 16 guda 8 ne kawai za su iya hawa kujerar. Na ce masa yaro da goriba, ya tashi ya ba ni wuri.

Da asuba jama'ar ta iso. Yaran gida sun baza cewa Baba ya fara duba. Zaure cike da mata: wata da zakara a hammata, wata tana son ta ji ko maigidanta na shirin ƙaro aure, wata tsohuwa ta kawo ƙwaryar gero kafin alƙalami. Wani matashi ma ya leƙo yana tambaya ko masarautar Rano ta zauna ke nan, tunda an ɗaga ta a 2019, an rushe a 2024, an dawo da ita mai daraja ta biyu a shekarar. Na ce wannan ko Zanati ya dawo duniya sai ya nemi a ba shi lokaci.

Ina cikin rantse-rantse sai ga sallamar liman. Na yi wuf na cusa littafin a jikin dangar turke.

"Allah gafarta Malam, wallahi akuya nake nema."

Ya tuna mini hadisin da ke cikin Muslim kan sallar kwana arba'in ta wanda ya je tambayar mai duba, ya ce wannan na mai tambaya ne, ni da na buɗe shago sai in yi wa kaina lissafi. Matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Mai zakara ce ta fara fita, da zakaranta.

Muna tsaka da nasiha maiɗakina ta rangaɗa guɗa. Akuya ta dawo da ƙafarta, wani baƙin bunsuru na biye da ita, ko kunya babu. Ta wuce kai tsaye turkenta, yunwa ta ci ta. Kafin in raka liman ƙofa in dawo, ta cinye bangon Zanati da gidaje kamar shida, bunsurun na taya ta da fihirisa.

Ranar Juma'a na ajiye abin da ya saura a kan tabarma. Mai littattafan ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya dubi gurbin haƙoran, ya dubi agogona da ke ɗaure a hannunsa.

"Alhaji, ai na gaya maka. Cika kuɗin."